Zaga gidajen tarihin Sifaniya: tikitin ƙarshen tafiya shi ake fara saye

Duk wanda ya yi niyyar zuwa Sifaniya don ganin gidajen tarihi da tsofaffin gine-ginen Andalus, wato yankin ƙasar da Musulmi suka mulka, kafin ya taɓa maganar otal, kafin ma ya kama kujerar jirgi, ya fara neman tikitin Alhambra, fadar sarakunan Musulmi da ke garin Granada. Na san abin zai yi kama da an fara gini daga rufi, amma haka tsarin yake, domin duk sauran wuraren ko da ka makara za ka iya samun shiga, in ba yau ba gobe, shi kuwa Alhambra ƙayyadaddun mutane ake bari su shiga a rana, kuma daga watan Afrilu har zuwa Oktoba tikitin kan ƙare makonni kafin ranar. To ka ga idan ka samu ranarka a can, sai ka ƙirgo baya ka jera sauran garuruwan.

Ita kuwa tafiyar kanta ni shawarata a bi ta yadda tarihin ya zo. A sauka Madrid, a gangara Kordoba wato Ƙurɗuba ta malamai, sai Sebiya (a jikin tikiti Sevilla za ka ga an rubuta), sannan a ƙarƙare da Granada. Dalili, Kordoba zamanin Banu Umayya ne, Sebiya zamanin Muwahhidun, Granada kuma zamanin Banu Nasar da suka zo ƙarshe, in ka bi su a jere idonka da kansa zai riƙa gane yadda hannun maginan yake sauyawa, in kuwa ka fara da Alhambra wallahi komai ka gani bayanta sai ya zame maka lami.

Maganar biza ba zan daɗe a kai ba, Sifaniya tana cikin ƙasashen Shengen, kuɗin bizar babba yuro 90 ne, kuma dole sai da inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000. Kuɗin ƙasar yuro ne, kati yana aiki kusan ko'ina, amma ka riƙe 'yan sulalla na yuro ɗaya-ɗaya saboda akwatunan ajiyar jaka a wasu gidajen tarihin.

Yadda ake sayen tikitin Alhambra

Hukumar da ke kula da wurin sunanta Patronato de la Alhambra y Generalife, a shafinta za ka saya. Dan Allah a kula a nan, in ka rubuta Alhambra a Google shafukan 'yan kamasho ne ke fara fitowa, sun yi ado da hotuna kamar su ne masu wurin, su ɗora maka kuɗi ninki. Na hukuma cikakken tikiti yana wajen yuro ashirin da 'yan kai, farashin na ɗan motsawa shekara-shekara. Za su tambayi sunanka da lambar fasfo, ka rubuta daidai yadda yake a fasfon, kuma ranar shiga ka zo da fasfon kansa a hannu, don ana dubawa. Yara 'yan ƙasa da shekara 12 ba sa biya amma su ma sai an cire musu tikitinsu, mutane da yawa nan suke tuntuɓe, su zo da yara uku ba ko takarda ɗaya.

Lokacin da aka buga a jikin tikitin ba lokacin shiga Alhambra gaba ɗaya ba ne, lokacin shiga fadojin Banu Nasar ne kawai, su suke kira Palacios Nazaríes. In an rubuta 11:30 to ƙarfe 11:30 kana kan layin ƙofar fadar, ba a babbar ƙofar waje ba, kuma tsakanin biyun tafiyar minti 15 zuwa 20 ce a ƙafa. Ka makara shikenan, ba roƙo ba magiya, masu gadin sun saba da jin kowane irin uzuri, lambuna kawai za ka zaga ka dawo. Ni na fi son a ɗauki na sassafe ko na can yamma, tsakar rana rukunin masu yawon buɗe ido ne ke cika ɗakunan kowa da ɗan jagoransa yana ɗaga tuta.

In ka duba ka tarar ya ƙare kar ka yanke ƙauna. Akwai tikitin ziyarar dare na fadojin, akwai wanda ake kira Dobla de Oro da ya haɗa Alhambra da wasu tsofaffin gidajen cikin gari, akwai Granada Card, sannan kamfanonin jagora suna da nasu kason, da tsada dai amma ya fi ka koma ba ka gani ba. Kuma ka riƙa leƙa shafin hukumar akai-akai, wani lokaci tikiti na sake fitowa.

Madrid

Manyan gidajen zane uku suna kusa da juna, da ƙafa za ka je kowanne: Prado, Reina Sofía, da Thyssen-Bornemisza. Akwai tikiti ɗaya da ya haɗa ukun, Paseo del Arte, amma gaskiya ban ga amfanin mutum ya cusa ukun a rana ɗaya ba, bayan awa biyu da rabi ana kallon zane ƙafa na ciwo ido kuma ya daina gani, wucewa kawai kake yi.

Prado an buɗe shi a 1819, shiga yuro 15, kuma awa biyun ƙarshe kyauta ne, Litinin zuwa Asabar daga 6 zuwa 8 na yamma, Lahadi daga 5 zuwa 7. Sai dai kyautar tana da layi, in ba ka je da wuri ka tsaya ba rabin lokacin a waje za ka ci shi. In kana da hali ka biya ka shiga ƙarfe 10 na safe da an buɗe. Ba a ɗaukar hoto a ciki ko kaɗan, ka mai da waya aljihu. Kar ka ce sai ka ga komai, ka karɓi taswirar da suke bayarwa a ƙofa ka zaɓi kamar zane goma. Ka je gaban Las Meninas na Velázquez na 1656 ka ja da baya sosai ka tsaya, mai zanen ya zana kansa a ciki yana kallonka, sarki da sarauniya kuma sai a wani ɗan madubi can bango za ka hango su, wato inda kake tsaye nan suke tsaye. Sai ka nemi zanen Goya na kisan 3 ga Mayun 1808, sojojin Faransa suna harbin mutanen Madrid da dare, ga wani da farar riga ya ɗaga hannuwa. Abu ɗaya da ya kamata mai zuwa da iyali ya sani tun daga gida, zanen Turawa na wancan zamanin cike yake da hotunan tsiraici da na addininsu, ba ɗaki ɗaya ba ba biyu ba, kowa ya san yadda zai tsara wa yaransa.

Reina Sofía ranar Talata suke rufewa ba Litinin ba, a riƙe wannan. Yawancin mutane saboda Guernica na Picasso suke zuwa, ya zana shi a 1937 bayan jiragen Jamus da Italiya sun yi wa garin Gernika ruwan bama-bamai a 26 ga Afrilun shekarar, lokacin yaƙin basasar ƙasar. Faɗinsa ya kusa mita 8, ba launi sai baƙi da fari da toka, kuma bai shigo Sifaniya ba sai 1981 bayan mulkin kama-karya na Janar Franco ya wuce. Ka leƙa ɗakunan da ke gefensa, akwai ƙananan zanen gwajin da ya yi kafin babban, a nan ne za ka gane ba shirme ya zuba ba kamar yadda wasu ke cewa in sun ga dokin da bakinsa a wangame. Nan ma da yamma daga 7 zuwa 9 kyauta ne a ranakun mako. Thyssen kuma ranar Litinin daga 12 zuwa 4 ba a biya, ga wanda yake da sauran ƙarfi.

Wanda mutane ke tsallakewa kuma ni nake ganin ya fi dacewa da wannan tafiyar shi ne Museo Arqueológico Nacional da ke titin Serrano, yuro 3 kacal, rufe ranar Litinin. Ka je sashen Andalus ka nemi ɗan gwangwanin hauren giwa da ake kira Bote de Zamora, an sassaƙa shi a 964 bisa umarnin Halifa al-Hakam na biyu don Subh uwar ɗansa, ɗan ƙaramin abu ne amma aikin da ke jikinsa na ganyaye da dawisu da rubutun Larabci a bakin murfi zai shirya maka ido kafin Kordoba. Kuma kusa da babban cocin Almudena akwai ragowar ganuwar Musulmi ta ƙarni na 9, don Sarki Muhammad na ɗaya na Kordoba ne ya kafa sansanin da ya zama Madrid, wurin a buɗe yake ana hango shi daga titi. In kana da rana guda ta rara, Toledo rabin awa ce a jirgin ƙasa daga tashar Atocha, akwai ɗan masallacin Bab al-Mardum na shekarar 999 da yanzu ake kira Cristo de la Luz, ƙanƙani ne, minti ashirin ya ishe ka.

Daga Atocha ɗin dai za ka hau jirgin ƙasa mai gudu zuwa Kordoba, ƙasa da awa biyu. Renfe ne na gwamnati, akwai Iryo da Ouigo da ke gasa da shi, ka gwada farashin ukun, kuma saye da wuri ya fi arha nesa ba kusa ba. Ana saka jaka a na'urar bincike kafin a hau, don haka kar ka zo a ƙurarren lokaci.

Kordoba

A nan ne ya kamata ka sassauta gudu. Mutane da yawa suna sauka da safe su ga masallacin su wuce Sebiya da yamma, ni ina ganin asara ce, ka kwana ko ɗaya ne, saboda dalili mai sauƙi: daga Litinin zuwa Asabar ana buɗe Mezquita, wato tsohon babban masallacin garin, kyauta daga 8:30 zuwa 9:30 na safe, ga ɗaiɗaikun mutane, ba a barin rukuni, ba surutun jagorori. Wanda ya kwana a garin ne ya fi cin wannan. Ka shiga ta safen don ka ji wurin, in ka ga bai ishe ka ba ka dawo ka biya ka sake shiga a tsanake, kuɗin goma sha wani abu ne, hasumiyar kuma tikitinta daban.

Ga yadda za ka karanta ginin, don in ba ka sani ba ginshiƙai kawai za ka yi ta gani, sama da 850, ka fito kana cewa masha Allah ba ka san me ka gani ba. Abdurrahman na ɗaya, wanda ya tsere wa Abbasiyawa daga Sham ya kafa mulki a nan a 756, shi ya fara ginin wajen 785. Ɓangarensa shi ne wanda kake fara shiga daga farfajiyar itatuwan lemu, ka duba ginshiƙan da kyau za ka ga ba iri ɗaya ba ne, wani ya fi wani kauri, wani dutsensa daban, domin daga tsofaffin gine-ginen Rumawa da na waɗanda suka biyo bayansu aka kwaso su. Kuma da yake gajeru ne rufin zai yi ƙasa, shi ne maginan suka ɗora baka a kan baka, hawa biyu, jan bulo da farin dutse suna karɓeɓeniya, wannan ja da farin da kake gani a hotuna dabarar ɗaga rufi ce kafin ta zama ado. Kana matsawa ciki kana shiga ƙarin Abdurrahman na biyu, sannan na al-Hakam na biyu a shekarun 960, shi ne mai mihirabin nan da aka yi wa ado da 'yan ƙananan gilasai masu ruwan zinare, masu aikin daga Rumawan Kustantiniya aka aiko su. Ka ɗaga kai a gaban mihirabin ka kalli ƙubbar. Wani abin lura, mihirabin kudu yake kallo, bai yi daidai da alƙiblar da wayarka za ta nuna maka ba, masana tarihi sun daɗe suna muhawara a kan dalilin. Ƙari na ƙarshe na al-Mansur ne wajen 987, kogi ya tare kudu sai ya faɗaɗa ta gabas, ya fi duka girma amma an yi shi da sauri, jan da ke bakunansa fenti ne ba bulo ba, je ka duba.

A tsakiyar duk wannan sai ka yi karo da coci, babba, an fara gina shi a 1523. Garin ya faɗa hannun Sarki Fernando na uku a 1236 kuma tun lokacin wurin coci ne, har yau hukumar cocin ke riƙe da shi, shi ya sa sunansa a takarda Mezquita-Catedral. Wannan ya kawo mu ga abin da dole a faɗa: ba a yarda Musulmi ya yi salla a ciki ba. Masu gadi suna lura, in suka ga ka tsaya ka ƙulla hannu ko ka yi ruku'u za su zo su tsayar da kai. Na san zuciya za ta yi nauyi a gaban mihirabin nan, amma ba wurin jayayya da mai gadi ba ne, shi ma aiki aka sa shi. Akwai ƙaramin masallaci da ake kira Morabito a cikin lambun Colón, ka je can ka yi sallarka.

In ka fito ka zaga lungunan tsohuwar unguwar Yahudawa, akwai majami'arsu ta 1315, akwai mutum-mutumin Ibn Rushd alƙali kuma likita da aka haifa a garin a 1126 yana zaune kusa da ganuwa, sai gadar Rumawa da yamma in rana ta yi sanyi.

Madinatuz Zahra kuma tana wajen gari kamar kilomita 8 ta yamma. Abdurrahman na uku ne ya gina ta bayan ya ayyana kansa halifa a 929, birni guda na mulki a gindin dutse hawa-hawa, bai kai shekara ɗari ba aka wawashe shi a rikicin da ya rusa halifancin wajen 1010, ƙasa ta binne shi, kuma har yanzu kaɗan ne daga ciki aka tono. UNESCO ta sa shi a jerinta a 2018. Wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba yuro 1.50 yake biya, amma ba a kai mota har kangon, a gidan tarihin da ke ƙasa ake tsayawa a hau wata bas ta haura da kai, ita ma da ɗan kuɗinta. Ka fara kallon ɗan bidiyon da ake nunawa a ƙasan kafin ka hau, in ba haka ba duwatsu kawai za ka gani a rana. Ba inuwa a wurin, Litinin kuma a rufe. Zancen rana ma, Yuli da Agusta a Kordoba da Sebiya zafi na haura digiri 40, kar ka ce ai ka saba da zafi, sabo da zafi daban yawon awa biyar a kan dutse daban. Maris zuwa Mayu ko Oktoba zuwa Nuwamba sun fi.

Sebiya

Minti 45 ne a jirgin ƙasa. Abu uku ne a fili ɗaya, babban coci da hasumiyar Giralda, fadar Real Alcázar, da Archivo de Indias inda aka tara takardun mulkin mallakar Sifaniya a nahiyar Amurka, shi wannan na ukun kyauta ne. Biyun farko kowanne da tikitinsa mai lokaci, ka saya ta intanet, layin masu saye a ƙofa abin tausayi ne. Giralda hasumiyar kiran sallar Muwahhidun ce, an gina ta tsakanin 1184 da 1198, saman da ke ɗauke da ƙararrawa ne aka ƙara a ƙarni na 16. Ba matakala ake hawa ba, gangara ce take zagayawa har kusan ƙoli, ana cewa don a iya hawa da dabba, ko ma dai mene ne ta fi sauƙi ga gwiwa. Kabarin Kolumbus, matuƙin jirgin ruwan nan da ya isa nahiyar Amurka, yana cikin cocin.

Alcázar zai iya rikita ka, za ka shiga ka rantse fadar sarkin Musulmi ce, ga rubutun Larabci ga ado irin na Granada, alhali mafi kyawun ɓangaren Sarki Pedro na ɗaya ne, Kirista, ya gina a shekarun 1360 da magina Musulmi, wasu daga Granada aka turo masa. Har yau gidan sarautar Sifaniya na amfani da benen sama in sun zo garin. Ka guji makon Ista da makon bikin Feria na Afrilu sai in bikin ka zo gani, otal na tsada kamar me.

Granada, ranar Alhambra

Daga Sebiya jirgin ƙasa ko bas ɗin ALSA, awa biyu da rabi zuwa uku. Ka iso kwana ɗaya kafin ranar tikitinka, kar ka haɗa doguwar tafiya da lokacin fada a rana ɗaya. Wurin a kan tudu yake, ƙananan bas C30 da C32 na hawa daga tsakiyar gari, ko ka taka ta Cuesta de Gomérez in ƙafarka lafiya. Takalmi mai laushi, gorar ruwa, ƙaramar jaka, domin babbar jakar goyo ba ta shiga fada, keken jarirai ma ajiye shi ake yi. Ka ware awa huɗu.

Muhammad ibn al-Ahmar ne ya fara gina wurin bayan ya kama Granada a 1238, abin da ya fara yi kuwa jawo ruwa ne daga kogin Darro ta wata magudana mai nisa, duk maɓuɓɓugai da lambunan da za ka gani daga wannan ruwan suke. In lokacin fadarka bai yi ba fara da Alcazaba, sansanin soja, ka hau hasumiya ka ga garin da dutsen Sierra Nevada. In ka shiga fada kuma, abin da zan roƙe ka shi ne ka karanta bango. Mai karatun allo yana da wata riba a nan da yawancin Turawan da ke kewaye da shi ba su da ita, su ado suke gani, kai kuwa rubutu ne a gabanka. Wa la galiba illallah, taken gidan Banu Nasar, za ka gan shi ɗaruruwa, a bango a ginshiƙi a bakin taga. A zauren jakadu na fadar Comares ta Yusuf na ɗaya, rufin katako ne da aka harhaɗa daga guntaye sama da 8,000 yana kwatanta sammai bakwai, kuma a ƙarƙashinsa an zagaye ɗakin da Suratul Mulk, in ka tsaya ka bi ayoyin za ka ga rufin da rubutun magana ɗaya suke yi. Sannan farfajiyar zakuna ta Muhammad na biyar, zakuna 12 na farin dutse ɗauke da kwarya, ginshiƙai 124 sirara, a bakin kwaryar an sassaƙa baitocin waziri Ibn Zamrak. Ɗakunan da ke gefe biyu, Abencerrajes da Dos Hermanas, ka shiga ka ɗaga kai kawai, wuyanka zai gaji kafin idonka. Hanyar gaba kawai take tafiya, in ka wuce ɗaki ba dawowa, don haka kar turereniyar mutane ta kwashe ka, ka raɓe gefe su wuce. Kuma kar a taɓa bango, farar ƙasa ce aka sassaƙa, gumin hannu na cinye ta.

Da ka fito za ka ga wani ƙaton gini mai kusurwa huɗu da zagayayyen fili a ciki, fadar Sarki Carlos na biyar ce da aka fara a 1527, ni dai ban ga ta dace da wurin ba, amma a ƙasanta akwai Museo de la Alhambra, kyauta, kuma mutane na wucewa ba sa shiga, nan ne ake ajiye ainihin kayan fadar har da wani ƙaton tulu mai hoton barewa. Generalife, gidan hutun sarakunan da lambunansa, shi za ka bari ƙarshe.

Sarkin ƙarshe Muhammad na goma sha biyu, wanda Turawa ke kira Boabdil, ya miƙa garin ga sarakunan Kirista Fernando da Isabel a 2 ga Janairun 1492, su biyun kaburburansu na cikin gari a Capilla Real, kuma daura da ita akwai makarantar da Yusuf na ɗaya ya gina a 1349, ɗakin sallarta na nan da adonsa, 'yan mintuna ne ka leƙa. Af, Abu Ishaƙ as-Sahili, mawaƙin nan da ya haɗu da Mansa Musa a hajjin 1324 ya bi shi Mali har ya rasu a Timbuktu, ɗan garin nan ne. Da yamma ka haura unguwar Albaicín zuwa dandalin San Nicolás inda ake hango Alhambra gaba ɗayanta, wurin na cika maƙil, amma dab da shi akwai babban masallacin Granada da aka buɗe a 2003, lambunsa yana kallon abu ɗaya kuma ba cunkoso, ga wurin alwala ga salla. Ka sani da bazara magariba na kaiwa wajen 9:30 na dare ko fiye.

Sauran 'yan abubuwa. Ƙananan wuraren tarihi da yawa na rufewa da rana wajen ƙarfe 2 su sake buɗewa 4 ko 5, wasu kuma ranar Lahadi rabin rana suke yi, kullum ka duba shafin wurin tun daren da ke kafin ranar zuwanka. Ranar 18 ga Mayu da 12 ga Oktoba gidajen tarihin gwamnati da dama kyauta ne, da cunkoson da ke biyo kyauta. Ɗalibi ya zo da katinsa, ana ragi a wurare da yawa. Tikitin da ke waya ka ɗauki hotonsa ka ajiye don data na iya yankewa a bakin ƙofa, ka kuma riƙe abin caji. Abinci a kula, naman alade na shiga abubuwan da ba ka zata ba har miya da wasu kayan fulawa da ake yi da kitsensa, ka riƙa cewa sin cerdo, wato ba alade, in kana shakka ka tsaya kan kifi, a Granada kuwa titin Calderería Nueva da kewayensa cike yake da wuraren halal. Lambar gaggawa 112.

Barselona da Bilbao tafiya ce daban, kar ka liƙa su a wannan in kwanakinka ba su kai goma ba. In dai za ka je, Sagrada Família ta Barselona da aka fara ginawa a 1882 ita ma tikiti mai lokaci ne ta intanet, coci ne don haka akwai dokar sutura, kuma a jirgin ƙarƙashin ƙasa da titin La Rambla jakarka ta dawo gaba, masu yankan aljihun wurin ƙwararru ne. Bilbao kuma gidan zanen Guggenheim na 1997, ginin kansa ya fi abin da ke ciki jan ido. In kwana biyar kawai gare ka, cire Sebiya da Toledo, ka ba Madrid ɗaya, Kordoba biyu, Granada biyu.